Darasi na 9: Idan Murna Ta Wuce Gona da Iri

Akwai wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira maniya, galibi yana zuwa ne cikin cutar baifola, wato wani lokaci mutum ya yi ta zumuɗi ba birki (shi ne maniya), wani lokaci kuma damuwa ta danne shi ko tashi daga shimfiɗa ya kasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 40 ke da wannan cuta.

Don gane maniya, ku fara lura da barci. Mutum ya kwanta awa biyu ko uku, wani ma ya kwana ido biyu, amma da asuba sai ya tashi garau ya hau share tsakar gida ko kiran mutane a waya. Wanda sauro ko tunanin bashi ya hana barci ai da safe za ka gan shi a galabaice, shi wannan kuwa ƙarfi ma yake ƙarawa.

Sai surutu, magana kamar an kunna rediyo, ya taɓo wannan zance ya saki ya kama wani, in ka katse shi ya hau ka da faɗa. Ga jin kai, ya ce shi zai gyara ƙasar nan ko gwamna na jiran shawararsa, jarin da ya shekara yana tarawa sai ya rabar a rana ɗaya. Mace mai kunya ma sai ka ji tana faɗin abin da ba halinta ba, kuma ciwon yakan taso wa wasu matan bayan haihuwa.

Wahalar abin, shi mai ciwon ba ya jin ciwo, cewa zai yi bai taɓa samun lafiya irin ta yau ba. To ku 'yan gida ku ne idonsa. Mu dai mun saba da cewa aljanu ne ko sammu, a yi addu'a, amma idan abin ya kai mako guda, ko ya fara abin da zai cutar da shi, kar a ɗaure shi da mari, a lallaɓa shi zuwa asibiti. Akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri. Ku gaya wa likita kwana nawa bai yi barci ba, ko yana shan tiramol ko wiwi, ko wani a dangi ya taɓa yin irin haka. Magani irin su litiyom na aiki, sai dai in ya samu sauƙi kar ya daina sha sai likita ya ce.