Kafin ka gina tafkin tarwada, nemo inda ruwan ƙazanta zai bi

Duk wanda ya zo mini da maganar kiwon tarwada, tambayarsa ta farko ita ce kifi nawa zai zuba. Ni kuma nakan tambaye shi: ruwan da za ka riƙa zubarwa, ina zai je? In ya ce kwata, sai in ce ya dakata da sayen bulo tukuna. Ruwan tarwada na kwana uku, idan ya kwanta a lungu da zafin Afrilu, maƙwabta ba za su yi maka kawaici ba, 'yan duba-gari kuma suna tafe.

Bari mu yi lissafi. Tafkin siminti mai ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, ruwa ƙafa 3, yana ɗaukar kusan lita 8,500. Sabon shiga kada ya wuce kifi 500 a ciki. Kafin su kai kilo ɗaya-ɗaya, cikin wata biyar zuwa shida, za su cinye wajen buhu 35 zuwa 40 na abinci mai kilo 15. Ba duka ne zai zama nama ba. Saura kashin kifi ne, da burbushin da ya nutse ya ruɓe, da amoniya da kifin ke fitarwa, wadda ita ce ke kashe shi a ɓoye. Idan sun girma kana sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, kowane sauyi durom 14 ke nan. To, ina za ka kai su?

Saboda haka ka soma zane daga mafita. Tafkin ya zauna a tudun filin, lambu ko rami a gangare, don ruwa ya tafi da kansa ba sai ka ƙona fetur ba. Ka tsaya a kan magini lokacin daɓe: ƙasan tafkin ya karkata zuwa kusurwa guda, ko da inci 3 ne, kuma a murɗe kusurwoyi su zama kamar cikin ƙwarya, don laka ba ta samun wurin maƙalewa. Magina suna son daɓe shimfiɗaɗɗe saboda da ɗaki suka saba. Kada ka yarda.

A wannan kusurwa ake kafa bututun fita, mai inci 3 ko 4. Dabarar da na fi so ita ce bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki tsawonsa daidai da inda kake so ruwa ya tsaya. Na waje ya fi shi faɗi da tsawo, an yi masa hudoji a gindi kawai. Da ka sako sabon ruwa, na ƙasa mai dauɗa shi zai shiga ta hudojin, ya hau tsakanin bututun biyu, ya faɗa na ciki ya fice. In babu na wajen, ruwan sama mai kyau za ka riƙa zubarwa, ƙazantar tana kwance abinta.

Sabon siminti yana da kaifi, yana ƙona fatar kifi. Ka cika tafkin, ka bar shi mako biyu, ka zubar, ka goge, ka sake cikawa kafin 'ya'yan kifi su shiga. Ruwan famfo kuma ya kwana a tanki saboda kulorin.

Daga bututu ruwa ya faɗa rami na farko, wanda aka yi wa siminti, inda zai huta laka ta kwanta. Ta sama zai malala zuwa rami na biyu. Nan nake zuba kainuwa, don tana zuƙe abin da ya narke a ruwan, ta yi ta yaɗuwa. In ta rufe ramin ka kwashe rabi ka kai juji. Ka saka karfasa 'yan kaɗan su riƙa cin tsutsar sauro. Ramukan nan su yi nesa da rijiyar sha kamar yadda ake nisanta masai.

Ruwan da ya fito daga rami na biyu taki ne. Alayyafo, kuɓewa, rama, zogale da ayaba duk suna son sa, har za ka ga ganyen ya yi duhu. A gindi za ka ba su. Latas da sauran abin da ake ci ɗanye, kada ruwan ya taɓa ganyensu. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani kuwa, wannan ruwan ba na lambu ba ne, ka juya shi wani rami daban ya tsotse. Lakar rami na farko a kwashe ta da shebur, a shanya ta bushe ƙarau, sannan a gauraya da ƙasa.

Mafi yawan ƙazantar daga hannunka take fitowa. Ka watsa abinci kaɗan-kaɗan kana kallo. Da ka ga sun rage wawaso, ka tsaya. Da hunturu ruwa kan yi sanyi, tarwada ta rage ci, sai ka jira rana ta ɗaga kafin ka ba su, kuma ka rage awo. Tarwada tana shaƙar iska a sama, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa, shi ya sa kuma mutane ke sakaci. Idan ka ga tarwadar sun tsaya a tsaye a saman ruwa gashin bakinsu a waje, ko kumfa ta taru ba ta fashewa, ko wari ya tare ka tun daga ƙofa, kada ka ba su abinci ranar. Sauya ruwa.

Kifin da ya mutu a tsame shi nan take, a binne da toka ko farar ƙasa, kada a jefa shi ramin laka. Kuma duk mako biyu a wata biyun farko ka ware manya daga ƙanana, in ba haka ba manyan za su haɗiye 'yan uwansu. Don haka tun a zane ka bar wurin ƙaramin tafki na biyu, shi ma bututunsa ya haɗe da na farkon zuwa rami guda.