Idan bayan motar haɗin gida ya zauna: kurakuran da aka fi yi wajen ɗaga shi

A Ingila akwai masu sha'awar mota da ba sa zuwa shago su sayi gamammiya. Mutum zai sayi shasi da bodi daga wani ƙaramin kamfani, ya nemo tsohuwar mota ya ciro inji da giya da kayan ƙafa, ya haɗa abarsa a garejin gida. Motar da aka fi kwaikwayo ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957, kamfanin Caterham kuma ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Akwai kuma masu kwaikwayon AC Cobra ta 1962. Kayan ƙafa kuwa an daɗe ana ciro su daga Ford Sierra da Jaguar XJ6, daga baya Mazda MX-5 ta shigo sahu. Kukan da masu irin waɗannan motoci suka fi yi bayan an ɗan kwana biyu shi ne baya ya zauna: taya na gogar bodi, salansa na dukan tudun rage gudu, mota ta tsaya kamar an yi mata lodin siminti alhali ba komai a ciki.

Yawancin ɓarnar tun kafin a taɓa sifana ake yin ta, domin da ido ake yanke hukunci. Mutum ya tsaya daga nesa ya ga tazarar taya da bodi ta ragu, sai ya ce baya ya sauka. Bodin da yawa daga cikin waɗannan motoci na faiba ne, kuma da wuya ka samu gefen hagu da na dama sun fito daidai daga ma'aikata. Daga shasi zuwa ƙasa ake awo, a wuri guda kowane gefe, a kan daɓe mai lebur, iskar tayoyi daidai, mai rabin tanki. Sannan a sa nauyin direba a kujera, ko da buhunan yashi ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a motar da nauyinta bai wuce kilo 550 zuwa 600 ba, wadda direbanta ke zaune dab da aksul na baya. Mutum mai kilo 80 ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na nauyinta. Duk lokacin da aka sauke ta daga jak, a tura ta gaba da baya, a danna ta sau biyu ko uku kafin a sake awo, don taya kan maƙale a inda ta sauka ta ba da tsayin ƙarya.

Daga nan sai a ɗora wa shokasoba laifi. Ana sayen sabo da tsada, a ɗaura, mota ta koma inda take. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi. Aikin shokasoba hana lilo ne kawai, ko mai gas ne ɗagawar da zai yi kaɗan ce. Idan tsayi ya ragu, a duba sifirin: a cire shi a auna tsawonsa a sake, a gwada da abin da aka rubuta a takardar saye, a gwada na hagu da na dama. A duba ƙarshensa na ƙasa, inda tsatsa kan karya zagaye guda ba a lura ba. A duba bushin da ya narke, da kunnen da shokasoba ke ɗaure a shasi ko walda ta tsage. Sau da yawa ma sifirin lafiyarsa lau, tun farko ne aka zaɓi mai laushi, daga baya aka ƙara tayar safaya, da babban tanki, da ƙarfen kariya na bayan kujera, duk a baya.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne batun zobe. Yawancin motocin nan shokasobansu na da sifirin a jikinsa, zaune a kan zobe mai tiredi da ake murzawa sama ko ƙasa. Sauƙin murza shi ne ke jawo matsala. Mutum zai yi ta juyawa har zoben ya kai ƙarshen tiredi, mota ta ɗagu, ya ce an gama. Abin da bai lura da shi ba, tafiyar shokasoba ƙayyadadda ce. Duk milimitar da ka ƙara wa tsayi, ka cire ta ne daga damar da taya ke da ita ta sauka cikin rami. Idan damar ta ƙare, shokasoba zai riƙa miƙewa har ƙarshe da ƙara "ƙwas", taya ta ciki ta bar ƙasa a kwana, baya ya zame ba gargaɗi. Ƙa'idar da masu saita ƙafa suka fi bi ita ce, idan mota na tsaye da direba, kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ya rage don miƙewa, biyu don matsewa. Gwajin ba wuya. A ɗaura 'yar igiyar roba ta ɗaure waya a sandar shokasoba, a tura ta ƙasa, a zaga gari a dawo, inda ta tsaya nan ne iyakar matsewar da aka yi. Idan ta manne da robar tsayawa, wato robar da ke tare shokasoba a ƙarshen matsewa, sifirin ya yi laushi ko ya yi gajarta.

Akwai kuma masu cewa matse zobe na ƙara wa sifirin ƙarfi. Ba ya ƙarawa, muddin sifirin mai ƙarfi ɗaya ne daga sama har ƙasa. Wanda aka rubuta wa fam 200 (fam na nauyi, ba na kuɗi ba) a kowane inci, fam 400 zai matse shi inci biyu, ko zoben na ƙasa ko yana sama. Wurin zamansa kawai ka canza. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka guda biyu ce. Idan mota na tafiya da daɗi, ba ta dukan robar tsayawa, tsayi ne kawai ya gaza kuma tiredi ya ƙare, sifirin mai ƙarfi iri ɗaya amma da ya fi tsawo da inci guda kake bukata. Idan kuwa da fasinja ya shiga sai ta durƙushe, ƙarfin ne bai isa ba. Masu tsallakawa daga 200 zuwa 300 don kawai su samu tsayi suna samun sa, amma sun sayi baya mai tsalle wanda ba ya riƙe titi, kuma a mota marar nauyi wadda tayoyin baya ke tura ta wannan haɗari ne, musamman a jiƙaƙƙen titi irin na Ingila. A ƙara kaɗan-kaɗan. Wajen oda kuma a auna faɗin cikin sifirin, don akwai mai inci 2.25 akwai mai 1.9, kuma ba sa shiga wurin juna.

Lissafin da ake yawan mantawa shi ne shokasoba ba a kan taya yake ba, yana can ciki a jikin hannun ƙafa, sau da yawa a karkace. Idan taya ta motsa milimita 10 shi ya motsa 7, to ɗaga zobe da milimita 7 zai ɗaga mota da kusan 10. Ƙarfin da taya ke ji kuma sai an ninka 0.7 (wato 7 cikin 10 ɗin nan) da kansa, wato kusan rabi, sifirin 200 ya koma kamar 98 a taya. Wanda ya kwafi lambar sifirin daga motar abokinsa mai wani shasi daban ya kwafi abin da ba nasa ba.

Cusa roba tsakanin zagayen sifirin dabara ce da mu ma mun san ta a wajen motocin haya masu lodi. A nan ba ta da wuri: tana kashe zagayen da ta shiga, ta jibga wa sauran aiki, kuma tana iya faɗuwa a hanya.

Idan gefe ɗaya ne ya fi sauka, hannu kan yi saurin zuwa zoben wannan gefen shi kaɗai. Ɗaga kusurwa guda na ƙara mata nauyi ita da ta gaba da ke ɗaya gefen, ya rage wa sauran biyun. Mota za ta yi kyau a ido, amma ta riƙa shan kwanar hagu daban da ta dama, taya ɗaya ta gaba kuma ta riƙa kullewa da wuri idan an taka birki. A murza biyun baya daidai, ana ƙirga zagaye, sauran gyaran a bar wa sikeli huɗu da ake sa wa a ƙarƙashin tayoyi. Masu ƙafar bayan Jaguar su tuna sifirin huɗu gare su, biyu kowane gefe, kuma tare ake canza su. Kafin murzawa a ɗaga mota nauyi ya sauka daga sifirin, a wanke tiredi da buroshi a sa mai, in ba haka ba zoben alminiyam zai ci tiredinsa. Kada kuma a shiga ƙarƙashi da jak kaɗai, sai an kafa ƙafafun ƙarfe.

Ƙaramin kuskure mai tsada: ɗaure notin bushin roba tamau alhali taya na rataye. Idan aka sauke mota robar za ta murɗe, ta riƙe tsayin ƙarya na ɗan lokaci, sannan ta yage baya ya sake zama. Sai mota na kan tayoyinta ake ɗaurin ƙarshe.

Sabon tsayi kuma yana taɓa wasu abubuwan. A mota mai ƙafar baya mai zaman kanta, wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai, karkatar taya na canzawa, dole a koma alaimen. A mai aksul guda irin na Ford Escort, sandar Panhard da ke riƙe shi a tsakiya za ta ja shi gefe idan an ɗaga, taya ɗaya ta matso bodi, sai an daidaita tsawon sandar. A duba tiyon birki ko yana miƙewa tsam idan taya ta rataya, a kuma sake saita fitilun gaba domin hancin mota ya sunkuya. Masu Seven kan bar baya ya ɗara gaba da kusan milimita 15 kawai, ba fiye ba.

Motocin da aka gina a kan shasin Volkswagen Beetle, kamar masu kwaikwayon Porsche 356, nasu daban ne, don sandar murɗa, wato sandar ƙarfe da ke murɗewa ta yi aikin sifirin, ita ce ke ɗauke da bayansu. Tana da haƙora 40 a ƙarshenta na ciki, 44 a na waje. Tsallake haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, ya yi yawa ƙwarai, kuma a nan ake yawan wuce gona da iri. Ana juya na ciki haƙori ɗaya gaba, na waje ɗaya baya, sai a samu bambancin ƙasa da digiri guda. A yi alama da fenti kafin a zare komai, kuma kada a ɗaga tsohon samfurin mai aksul mai lilo da yawa, don ƙasan tayoyin zai shige ciki motar ta nemi kifewa a kwana.