Ɗanka ya shiga besbol a Amurka? Ka fara sanin aikin alƙali

Idan ka sauka Amurka da yara, a Bronx ne ko Greensboro, da wuya shekara ta zagayo yaro bai kawo maka takardar shiga ƙungiyar besbol ta unguwa ba. Ka sa masa hannu, ɗan'uwa, a nan zai yi abokai. Amma kafin ka je kallo, ka san mutumin nan mai ƙarfen kare fuska da ke tsugune bayan mai cafke ƙwallo, wato alƙalin wasa, domin a kansa sababbin zuwa suka fi jin kunya.

Duk ƙwallon da aka jefo wa mai riƙe da sanda bai buga ta ba, shi zai ce "sitiraik" ko "bol". A ƙasa akwai farin faranti mai faɗin inci 17, wajen santimita 43. Ka ƙaddara akwai wata taga a iska a samansa, daga ƙasan ƙoƙon gwiwar mai riƙe da sanda zuwa wajen tsakiyar ƙirjinsa. Ƙwallo ta taɓa tagar, ko da gefenta ne, sitiraik ke nan. Ta kauce kuma yaro bai kai duka ba, bol. Sitiraik 3 mai duka ya fita, bol 4 ya wuce zango na farko kyauta, wato matsaya ta farko a zagayen da ake yi don cin maki. Tagar tana bin tsayin ɗan wasa, ta dogo daban, ta gajere daban.

To, yaya mutum zai auna tagar da ba a zana ba, har jifa ɗari biyu ko fiye a wasa ɗaya? Sirrin yana ga tsayuwa. Alƙali yana sa kansa a ratar da ke tsakanin mai duka da mai cafkewa, a tsayi ɗaya kullum, ya kafe kafin a saki ƙwallo. Ido kaɗai ke bin ta, tun daga hannun mai jifa har ta shige safar hannun mai cafkewa. Sannan ya ɗan dakata. Wannan dakatawar ce ta fi burge ni. A wasan manya tazarar mai jifa da farantin ƙafa 60 da inci 6 ce, ƙwallo kuma tana iya gudun kilomita 150 a awa, ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. Wanda ya yi gaggawa zai hukunta inda ya zaci za ta bi, alhali wata a ƙarshe take lanƙwasa. Ga shi mai cafkewa ma yana da tasa dabarar, yakan ɗan jawo safar ciki don a ga kamar ta shiga.

Shi ya sa masu horarwa ba su cika damuwa da alƙalin da tagarsa ta ɗan fi faɗi ba, muddin abin da ya kira sitiraik a zagayen farko shi zai kira a na ƙarshe, ga ƙungiyoyin biyu. Da haka kai ma za ka auna shi. Daga bencin gefe kana iya ganin sama da ƙasa, amma ba ka ganin ciki da waje.

Manyan gasa sun shigo da na'ura. Koriya ta Kudu ta bar wa kyamarori hukuncin tun 2024, MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, kuma ta amince cewa daga 2026 mai jifa, mai cafkewa ko mai duka zai iya taɓa hularsa ya nemi a duba. Filin unguwarku ba shi da wannan.

Mun taso da ƙwallon ƙafa, inda ihu ga alƙali ya zama ruwan dare. A besbol, gardama kan bol da sitiraik tana sa a kori mai horarwa, uba ma ana iya cewa ya bar wurin, a gaban ɗansa. Kuma alƙalan wasan yara sau da yawa 'yan sa-kai ne, wani ma ɗan sakandare ne, sa'an babban ɗanka. Abin yana yi mini ciwo in ga dattijo yana daka wa irin wannan tsawa.

Idan ka rikice da lissafi, dubi yatsun alƙalin: hagu bol, dama sitiraik, kuma bol ake fara faɗa. In wani hukunci ya tsaya maka a rai, bari a tashi ka tambayi mai horar da ɗanka.