Yadda Ake Neman Diyya Kan Illar Allurar Tazarar Haihuwa ta Depo-Provera

Allurar da mata ke kira ta wata uku, wadda sunanta na kasuwa Depo-Provera, mallakar kamfanin Pfizer ce, kuma tun 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a riƙa ba da ita don tazarar haihuwa. A watan Maris na 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa binciken wasu masana na Faransa da suka duba bayanan mata sama da 18,000 waɗanda aka yi wa tiyatar meningioma, wato ƙarin da ke tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Sun gano cewa matar da ta shekara ko fiye tana karɓar allurar, haɗarin samun wannan ƙari a gare ta ya ninka na sauran mata sau biyar da ɗoriya. Bayan haka ne ƙararraki suka fara kwarara kotunan Amurka, ana zargin kamfanin da rashin gargaɗin mata da likitoci, har a Fabrairun 2025 aka tattara na kotunan tarayya a gaban Mai Shari'a M. Casey Rodgers a arewacin jihar Florida. Kamfanin ya musanta zargin.

Kafin maganar kotu, ki fara da lafiyarki. Wannan ƙari ba kasafai yake samun mutum ba, galibinsa kuma ba ciwon daji ba ne, saboda haka mafi yawan matan da suka yi allurar ba za su taɓa gamuwa da shi ba. Amma idan kina fama da ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ganinki ya fara dishi-dishi, ko jinki ya ragu, ko kin fara farfaɗiya da girmanki, ko wani ɓarin jikinki ya yi rauni, ki je wurin likita ki gaya masa tsawon lokacin da kika yi kina allurar, shi zai duba ko akwai buƙatar hoton ƙwaƙwalwa na MRI ko CT. Kada ki daina allurar da kanki ba tare da kun tsayar da wata hanyar ba. Ta fuskar shari'a ma wannan mataki shi ne tushe, domin kotu ba ta biyan diyya a kan fargaba. Sai likita ya tabbatar da ciwon a rubuce.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne yake kayar da mafi yawan masu gaskiya, shi ne hujjar cewa kin yi allurar, kuma wannan samfurin aka yi miki. Cewa kin tuna kina zuwa asibiti duk bayan wata uku ba zai wadatar ba, don ita kanta kotun Florida ta wajabta wa kowace mai ƙara ta gabatar da shaidar amfani da allurar da shaidar ciwon tun da farko. Ki nemi katinki na sashen tsarin iyali, wanda ma'aikaciyar jinya ke rubuta ranar allura da ranar dawowa a kansa, ki nemi kwafin fayil ɗinki na asibiti, da rasit na kantin magani, da bayanan kamfanin inshora idan shi ya biya. A Amurka doka ta ba ki haƙƙin karɓar bayanan lafiyarki, kuma a ƙa'ida asibiti na da kwana 30 ya amsa buƙatarki, don haka ki rubuta buƙatar ki ajiye kwafi. Ki lura da sunan da aka rubuta. Depo-Provera ta cikin tsoka miligiram 150 ce ta sinadarin medroxyprogesterone acetate. Akwai mai miligiram 104 da ake yi a ƙarƙashin fata, wadda a Najeriya da Nijar aka fi sani da Sayana Press, sinadarinsu ɗaya. Ita kuwa allurar wata biyu, Noristerat, sinadarinta daban, kamfaninta daban, ba ta cikin wannan shari'a. Idan asibitin ya rufe ko takardu sun ɓace, ki zauna ki rubuta duk abin da kika tuna na shekaru da wurare, domin lauya zai iya bin sawun bayanan ta wasu hanyoyi.

Daga nan sai hujjar cutarwa da ta asara. Ki tattara rahoton hoton ƙwaƙwalwa tare da faifansa, da bayanin tiyata, da sakamakon gwajin naman da aka cire, da takardun gashin ƙarin da na'ura (radiotherapy) idan an yi miki. Da waɗannan ake auna diyya: kuɗin jinya na baya da na gaba, albashin da kika rasa, raguwar ƙarfin neman abinci, da azabar da kika sha. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranakun da ciwo ya hana ki aiki, da abin da kika daina iyawa, kamar tuƙa mota ko karanta rubutu. Idan mai ciwon ta rasu, magadanta ko mai kula da dukiyarta na iya shigar da ƙara.

Wa'adin shigar da ƙara kuwa ba ya jira. Kowace jiha a Amurka tana da nata, galibi shekara biyu zuwa uku, wasu shekara ɗaya tak, kuma a jihohi da dama ana fara lissafi ne daga ranar da kika sani, ko ya kamata ki sani, cewa ciwon na da alaƙa da allurar. Idan ya wuce, komai ƙarfin hujjarki an rufe ƙofa.

Wajen zaɓen lauya, ki nemi wanda ya saba da shari'ar magunguna, ki tabbatar da lasisinsa a shafin ƙungiyar lauyoyin jiharsa. Irin waɗannan lauyoyi ba sa karɓar kuɗi a gaba. Suna ɗaukar kaso daga abin da aka samu, yawanci daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100. Ki karanta yarjejeniyar da kyau, ki tambaya ko kuɗin ɗawainiya kafin kasonsa ake cirewa ko bayansa, da kuma wanda zai biya idan an faɗi. Tallace-tallacen intanet da ke ambaton adadin da wai za ki samu hasashe ne kawai, da yawansu ma dillalai ne masu sayar wa lauyoyi sunayen mutane. Ki kuma fahimci cewa tattara ƙararraki wuri ɗaya bai mayar da su ƙara ɗaya ba. Taki tana nan da sunanki, ana haɗa binciken hujjoji ne, a gwada wasu 'yan ƙararraki da farko, sakamakonsu ya nuna ko za a yi sulhu. Babbar kariyar kamfanin ita ce ya nemi ƙara gargaɗin a takardar maganin amma FDA ta ƙi amincewa a 2024, masu ƙara kuma suna cewa ya daɗe da sanin haɗarin. Babu lauyan ƙwarai da zai yi miki alƙawarin nasara.

Duk wannan ya shafi wadda aka yi wa allurar a Amurka, har da 'yan uwanmu mazauna can. Wadda aka yi wa a Kano ko Maraɗi, da wuya kotun Amurka ta saurare ta, domin alƙalai kan mayar da irin wannan ƙara ƙasar da abin ya faru. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom zai saka ki a jerin masu diyyar Amurka, ki guje shi. A Najeriya hanyar ita ce ki kai rahoton illar ga hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hannun likita ko mai harhaɗa magani, ki kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, sannan lauya ya duba yiwuwar shigar da ƙara a babbar kotu, a kan mai samar da maganin ko a kan sakacin wanda ya ba da shi. Mai ƙaramin ƙarfi na iya tuntuɓar hukumar ba da agajin shari'a ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Idan asibitin gwamnati ne a yi hanzari sosai, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ware don shigar da ƙara, kuma lauya ne zai tantance ko ta hau kan lamarinki.

Mutanen Kano sun san tsawon irin wannan tafiya. Gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 aka yi shi, sai a 2009 aka cimma sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, iyalan farko kuma sai a 2011 suka karɓi kuɗi, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da cewa 'ya'yansu ne.

Idan an kai ga sulhu, za a kawo miki takardar da za ki sa hannu cewa kin yafe duk wata ƙara a kan wannan lamari har abada. Kafin ki sa hannu, ki sa lauya ya rubuta miki lissafi dalla-dalla: jimillar kuɗin, kasonsa, kuɗin ɗawainiya, abin da inshora ko shirin gwamnatin Amurka na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin jinya, Medicaid, zai karɓe na jinyar da ya biya, da abin da zai rage a hannunki. Ki kuma tambayi likitanki ko akwai yiwuwar ƙarin ya dawo, domin kuɗin jinyar gaba dole ya shiga lissafin tun yanzu.