Kurakuran da aka fi yi a fim ɗin tarihi mai soyayyar da aka hana

Fim ɗin da labarinsa ya faru a zamanin da, aka kuma gina shi kan mutum biyu da aka hana su juna, jarinsa ɗaya ne: masoyan ba su da damar faɗin abin da ke ransu. Abin da baki ya kasa furtawa, kiɗa da kayan da ke cikin hoto ne za su kai shi ga mai kallo. Yawancin kurakuran da ake tafkawa daga mantawa da wannan suke tasowa.

Tun a rubutu ake fara ɓata lamarin. Za ka ji jaruma ta ce "ba zai yiwu ba" sau goma, amma ba a taɓa nuna abin da za ta rasa idan ta bi zuciyarta ba. Alhali tarihi cike yake da katangu na gaske. A Ingila, kafin 1857 wanda ke son saki da zai ba shi damar sake aure sai majalisa ta yi masa doka ta musamman, kuma har zuwa 1907 doka ba ta yarda namiji ya auri 'yar'uwar matarsa da ta rasu ba. A Afirka ta Kudu an haramta aure tsakanin farar fata da wanda ba farar fata ba a 1949, ba a soke dokar ba sai 1985. A Amurka sai 1967 Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan doka a jihohin da suka rage da ita. Gyaran shi ne a binciko ainihin hukuncin wannan zamanin, a nuna shi a kan wani tun farkon fim. A ce wata mata ta shigo taro, kujerun da ke kusa da ita suka zama fanko ɗaya bayan ɗaya, jarumarmu tana kallo. Daga nan ba sai an sake bayani ba. Kuma don Allah kada a mai da uba ko miji mugu zalla. Wanda ke hana auren saboda yana tsoron abin da zai sami 'yarsa ya fi azzalumi wuyar bijirewa, kuma ya fi taɓa zuciya.

Sai kiɗa, inda ɓarnar ta fi yawa. Darakta bai amince da 'yan wasansa ba, sai ya shimfiɗa kiɗa daga farko har ƙarshe, da an haɗa ido goge ya fara kuka. Wannan tona asiri ne. Masoyan suna ɓoye abu, kiɗan kuma yana shelarsa. Ɗauki fitowar cin abinci: miji na zaune a kan tebur, matar ta miƙa wa baƙo kofi, yatsunsu suka gogi juna. Idan kiɗa ya tashi a daidai wannan daƙiƙa, an kashe fargabar. A bar ƙarar agogo da ta cokali, a bar mai kallo ya riƙe numfashi yana duban ko mijin ya lura. Kiɗan ya jira har ta koma ɗaki ita kaɗai ta rufe ƙofa. A nan ne take da ikon ji, a nan ne shi ma yake da ikon magana.

Kuskure na kusa da wannan shi ne a samu taken soyayya mai daɗi, a yi ta maimaita shi yadda yake. Dabarar ɗaura wa mutum ko wani ji ɗan guntun kiɗa nasa, wadda ta shahara da Richard Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a ƙarni na 19, amfaninta yana cikin sauyawa. Farkon haɗuwa a ji rabinsa kawai, da kayan kiɗa ɗaya, ya yanke kafin ya sauka. Lokacin da aka fara zarginsu ya dawo a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. Cikakkensa a adana shi, sau ɗaya tak, a wurin da labari ya cancanta. Kunne yana jiran ƙarasawar kamar yadda masoyan ke jira, ko da mai kallo bai san dalilin ƙaguwarsa ba.

Akwai bambanci tsakanin kiɗan da mai kallo kaɗai ke ji da wanda mutanen cikin labari ke ji, kuma a na biyun ne ake kunyata kai. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a birnin Florence wajen 1700, don haka ba shi da gurbi a labarin 1650. Adolphe Sax ya yi rajistar saksofon, wani kayan busa, a 1846. Kafin na'urar Thomas Edison ta 1877 ba a iya sake sauraron sautin da aka ɗauka, garmaho na Emile Berliner kuma ya zo a 1887. Ma'ana, a duk labarin da ya girmi wannan lokaci, in dai ba ɗan akwatin kiɗa da ake murɗawa ya yi kiɗa da kansa ba ne, kiɗa a ɗaki yana nufin akwai mai kaɗawa. Abin takaici, da yawa suna ganin wannan takura ce, alhali kyauta ce. Jaruma tana buga fiyano a gaban baƙi, masoyinta yana tsaye gefenta yana juya mata shafi: ga dalilin da ba wanda zai zarga na kusantar juna, ga hannunta da ya ɗan yi tuntuɓe a daidai lokacin da ya sunkuyo. Idan labarin na zamanin garmaho ne, fuska ɗaya ta faifai mai inci 10 kusan minti 3 take yi. Iyakar lokacin da suke da shi a rawa ke nan, kuma duka biyun sun sani. Ita kanta rawar wals da ta shiga Landan a farkon ƙarni na 19 ta sha suka saboda yadda namiji ke riƙe mace a kusa. Fim ɗin da ya nuna ta kamar rawar kowa da kowa ya zubar da abin da ya fi ƙarfi a fitowar. Kiɗan da ke bayan hoto kuwa yana iya zama na zamani, muddin da gangan aka zaɓa kuma aka tsaya a kai.

Alamomi ba sa buƙatar dogon bayani. Tsuntsu a keji da furen da ke bushewa sun gaji. Mafi muni shi ne a haska alama sau uku sannan a sa wani ya fassara ta da baki. Alamar da ke aiki ita ce wadda take da aikin yi a labarin: safar hannu da aka manta, makulli, littafin kiɗa da aka ara ba a mayar ba. Ta fara a matsayin kaya kawai, ma'ana ta taru a kanta sannu a hankali, har ranar da mijin ya ɗauke ta yana jujjuyawa a hannunsa. A kuma kula da launi. Farar rigar amarya ta zama yayi ne a Turai bayan auren Sarauniya Victoria a 1840, kafin nan amare da yawa mafi kyawun rigarsu suke sawa, kowane launi ce. Dogara da farin kaya don nuna budurci a labarin da ya girmi haka ɗora wa mutanen da tunanin yau ne.

Kafin a rufe aikin tace hoto, a gwada kowace fitowa ta masoyan hanya biyu. A kashe sauti a kalla: in ba a gane akwai abin da suke ɓoyewa ba, matsalar a wasa da hoto take, kiɗa ba zai ceto ta ba. Sannan a cire kiɗan kawai, a bar magana da ƙarar ɗaki, a nuna wa wanda bai san labarin ba. Duk fitowar da ta tsaya da ƙafarta a haka, a bar ta babu kiɗa.