Yadda za ka nemo binciken da aka fi ambata a jiyoloji da lissafi, ba tare da ya kai ka ya baro ba

Satin da ya wuce ɗan ƙanwar babanmu ya same ni wajen mai masa a Wunti nan cikin garin Bauchi, fuska a murtuke, wai safabaiza ta dawo masa da babi na biyu na furojek ɗinsa duk jan biro, ta ce ya je ya nemo manyan takardun da kowa ya dogara da su a kan duwatsun Gombe. Ya ce min "Yaya ni wallahi ban san ta ina ake gane babbar takarda da ƙarama ba, duk PDF ne." Na yi dariya har masa ta kusa shaƙe ni, amma gaskiyarsa ce, ba wanda ke zaunar da kai ya koya maka wannan. To ga yadda nake yi, ko kana ATBU ne, ko jami'ar jihar Gombe, ko Kashere, hanyar ɗaya ce.

Fara da Google Scholar, ba Google ɗin da kake neman sakamakon ƙwallo ba. Kyauta ne kuma baya cin data sosai. Ka rubuta sunan abin da kake nema a cikin alamar zance guda biyu, misali "Gongola Basin" ko "Bima Sandstone", domin in baka sa alamar ba zai kwaso maka tarkace har da na ƙasashen da ba ruwanka da su. Ƙarƙashin kowace takarda akwai wani ɗan rubutu "Cited by" da lamba a gabansa, wannan lambar ita ce adadin rubuce-rubucen da suka ambaci takardar, wato suka kafa hujja da ita. Nan ne wasan yake. Yawancin yara suna ganin lambar su wuce, alhali dannawa ake yi. In ka danna zai jero maka duk waɗanda suka ambace ta, sai ka je gefen hagu ka taƙaita shekaru zuwa biyar na baya-bayan nan, akwai kuma wani ɗan akwati a sama da in ka yi masa alama zai baka damar bincike a cikin masu ambaton kawai. Da haka tsohuwar takarda take kai ka wajen sabbi, kamar ka kama igiya ka bi ta har inda aka ɗaure akuyar. Scholar ɗin baya jera maka daga mai yawan ambato zuwa mai kaɗan kai tsaye, in kana so haka ka sauke manhajar Publish or Perish a laftof, ita ma kyauta ce.

A yankinmu in kana aiki a kan Kwarin Binuwai na sama, akwai sunayen da za ka yi ta cin karo da su ko ka so ko ka ƙi. Carter da Barber da Tait, rahoton 1963 na hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a kan sassan lardunan Adamawa da Bauchi da Barno. Sai Benkhelil 1989 a kan yadda kwarin ya samo asali, sai Zaborski da abokan aikinsa 1997 a kan tsarin shimfiɗar duwatsun Gongola. Jerin shimfiɗun duwatsun da ake haddacewa kamar karatun allo, Bima a ƙasa, Yolde a kanta, sai Pindiga, sai Gombe, sai Kerri-Kerri ta rufe sama, a irin waɗannan takardun aka kafa shi aka kuma yi ta gyara shi. Kuma ba abin takarda bane kawai, farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka ana siminti daga zamanin da teku ya shigo ya kwanta a nan take, kwal ɗin Maiganga a cikin duwatsun Gombe yake, man Kolmani da aka sanar a 2019 aka kuma ƙaddamar da haƙarsa a 2022 a iyakar Alkaleri da Akko shi ma a wannan kwarin yake. In kuma kai ɗan tsoffin duwatsun cikin garin Bauchi ne, nemi Oyawoye, shi ne a shekarun 1960 ya yi bayanin wani dutse mai duhu-duhu da ɗan kore ya sa masa suna bauchite, eh, da sunan garin nan, kuma har yau sunan da masana ke kiransa kenan.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Ka samo takardar da hannunka ka karanta. Na san wannan kamar ba sai an faɗa ba, amma rabin masu rubuta "Carter et al., 1963" basu taɓa ganin ko bangonta ba, daga furojek ɗin wanda ya gama bara suka kwafa, shi ma daga na wanda ya gabace shi, har kuskuren rubuta suna ake gada kamar gonar gado. Ni kaina na faɗa ramin nan. Ranar difens ɗina malamin da aka gayyato daga waje ya ɗaga gilashinsa ya ce, to malam, wannan kaurin da ka ce marubutan sun auna, a wane shafi suka faɗa? Zufa ta karyo min har cikin safa, domin lambar daga aikin wani na tsinto ta, kuma da na koma na duba daga baya ashe ba su ne suka faɗa ba sam. Tun ranar na yi wa kaina doka, abin da ban buɗe ba baya shiga aikina, in kuma dole ce ta sa to na rubuta cewa ta bakin wane na ji.

Samun takardar ma wani aiki ne, don da yawa a kulle suke sai ka biya dala. Kafin ka karaya danna "All versions" a Scholar ɗin, sau da yawa akwai kwafin da marubucin ya ajiye a wani wuri kyauta. Duba shafin AJOL don mujallun Afirka, duba shafin arXiv in lissafi ne, sa Unpaywall a burauzarka, ƙaramar manhaja ce da ke nemo maka kwafin kyauta in akwai. Je laburaren makarantarku ka tambayi ma'aikatan ko suna da shiga Research4Life, shirin da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa mujallun da ke kulle, kar ka ji nauyi, aikinsu ne. Tsoffin rahotanni irin na 1963 kuwa sau tari sai a wajen tsoffin lakcarori, fotokwafi ne da ya sha hannu har ya yi laushi, ka je da ladabi ka roƙa. Kuma aika wa marubuci imel kai tsaye yana aiki fiye da yadda kake zato, layi uku ya isa, ka gaishe shi, ka faɗi ko kai waye, ka ce kana son kwafi.

Lamba kuma tana da yaudara, dole ka san yadda ake karanta ta. Takardar 1963 ta yi sama da shekara 60 tana tara ambato, ta bara kuwa ko tatata bata fara ba, to haɗa su a sikeli ɗaya zalunci ne. Raba lambar da shekarun takardar ka ga nawa take samu a shekara. Sannan fanni ma ya bambanta. Lokacin da mujallar Nature ta jera takardu 100 da aka fi ambata a 2014, ta ɗaya ita ce ta Lowry ta 1951 a kan auna furotin, ambato sama da 300,000, don ɗakunan gwaji da yawa a duniya suna amfani da hanyar. Takarda a kan duwatsun Pindiga ko ta fi kowacce kyau ba za ta je ko kusa ba, mutum nawa ne ke aiki a kan Pindiga? Lissafi tsantsa ma haka, a hankali yake tara ambato. Shi ya sa a Web of Science, rumbun da ke ƙirga ambaton takardu, in sun ce takarda tana cikin waɗanda aka fi ambata, suna nufin tana cikin kashi 1 cikin 100 na sama a fanninta da kuma shekararta, ba a duk duniya gaba ɗaya ba. Kuma ana maguɗi, kamar zaɓe. Wasu suna haɗa ƙungiya ka ambace ni na ambace ka, abin ya yi ƙamari har kamfanin Clarivate, mai Web of Science ɗin, ya cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerin masu bincike da aka fi ambata na 2023. To in ka ga lamba ta kumbura, danna ka duba su waye masu ambaton, in mutum ɗaya ne da abokansa a mujallun da baka taɓa ji ba, ka san kitse ne na rogo. Wata takardar ma ana yawan ambatonta ne don ana ƙaryata ta, karanta masu ambaton guda biyar kawai za ka gane ko yabo ne ko suka. Ka kuma sa sunanta a Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin takardun da aka janye, ka tabbatar ba a janye ta ba.

Inda jiyoloji da lissafi suka haɗu nan ne aka fi yin aika-aika, musamman masu aikin ruwan ƙarƙashin ƙasa da bohol. Kowa yana ɗauko fomula don ta shahara, baya duba sharaɗinta. Dokar Archie ta 1942, wadda ke haɗa yadda dutse ke tare lantarki da yawan ramukansa da ruwan da ke ciki, a kan tsaftataccen dutsen yashi aka gina ta, marar yumɓu. Ka ɗauko ta ka ɗora a kan ruɓaɓɓen dutsen Bauchi da yumɓu ya cika, amsa za ta fito a kalkuleta tsaf amma ƙarya ce, don yumɓu da kansa yana wuce da lantarki. Haka lissafin Theis na 1935 na gwajin famfo, ya ɗauka cewa ruwan yana cikin shimfiɗa iri ɗaya ko'ina, a rufe sama da ƙasa, marar iyaka. Mu kuwa a cikin gari ruwanmu a tsage-tsagen dutse yake, ka haƙa nan ka samu, ka matsa taku talatin ka sha ƙura. Kriging ma da ake zana taswira da shi, wanda ya samo suna daga Danie Krige injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu, Matheron na Faransa ya gina masa lissafi, yana son wuraren ɗaukar samfur da yawa, ba rijiya bakwai ka zana taswira mai launi kamar atamfa ba. Ba wai kar ka yi amfani da su ba, ka yi, amma ka rubuta a fili cewa ga sharaɗin ga kuma inda wurinka ya saɓa.

'Yan lissafi ku ma ba ku tsira ba. Duk mai furojek a kan yaɗuwar kwalara ko ƙyanda zai ambaci Kermack da McKendrick 1927, da van den Driessche da Watmough 2002 wajen fitar da R0, wato adadin mutanen da mai cuta ɗaya zai iya shafa wa. Ta 2002 ɗin takarda ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗan da tsarinka sai ya cika kafin hanyar ta yi aiki, suna nan a shafukan farko-farko, mutane tsallakewa suke su tafi wajen matiris. Zauna da biro ka bi misalansu ɗaya bayan ɗaya kafin ka taɓa naka.

Ajiya kuma, don Allah kar ka bari sai daren ƙarshe. Sauke Zotero, manhajar ajiye takardu da bayanansu, duk takardar da ka buɗe ka jefa ta ciki, ka rubuta layi biyu da Hausarka, me suka yi, a ina, me suka samu, shafi na nawa. Ka tura kwafi imel ɗinka ko Google Drive saboda laftof baya sallama in zai mutu, filash kuma a shagon buga takardu yake kwasar bairos. Ni tsarina guda uku zuwa biyar tsoffi da kowa ya dogara da su, sai goma zuwa sha biyar sabbi da na samo ta hanyar danna masu ambatonsu, a ciki kuma lallai a samu wanda bai yarda da tsoffin ba, don a nan ne babi na biyu ke samun abin faɗa.

Yaron nan dai mun zauna da wayata a wurin mai masar, muka sa "Pindiga Formation", muka danna masu ambaton ta farko, kafin a kira la'asar ya ware guda tara, uku a buɗe suke ya sauke nan take, sauran ya ce gobe zai leƙa laburare. Kuɗin masar ma ni ya bar wa.