Shawara ga malaman firamare masu koyarwa da Hausa da Turanci

Salam malamai 'yan uwa na nan Gombe. Ku gwada ɗaukar abu ɗaya ku yi sati guda a kansa, misali gyaɗa. Litinin yara su ba da labarin noman gyaɗa da Hausa, ku rubuta kalmomin a allo da Turancinsu a gefe. Talata lissafi, a ƙirga da ƙwayoyin gyaɗa, a raba su kashi-kashi. Laraba kimiyya, a jiƙa iri a gwangwanin madara su ga ya tsiro, wallahi nan ne yaran da ba sa magana suke buɗe baki. Alhamis su zana, Juma'a kowa ya faɗi jimla biyu da Turanci, kada ku tsawatar idan ya haɗa da Hausa, a hankali zai saba. Ku tambayi iyaye tukuna ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba.